Tambayoyi Ashirin na OMS a Bakin Bahaushe: Sharhi kan Ingancin Ma'aunin Damuwar Rai

1. Asalin takardar

Cikin shekarun 1970 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta gudanar da wani bincike na haɗin gwiwa a ƙasashe bakwai: Kolombiya, Barazil, Indiya, Filifin, Masar, Sudan da Senegal. Manufarsa ita ce a gano yadda za a kai aikin kula da lafiyar hankali zuwa ƙananan gidajen likita, inda babu lokotoron da ya ƙware a wannan fanni. Daga cikin kayan aikin da binciken ya haifar akwai wata takardar tambayoyi da aka fi sani da haruffan SRQ. T. W. Harding da abokan aikinsa suka bayyana ta cikin shekara ta 1980, sa'an nan a 1994 OMS ta buga littafin jagora na M. Beusenberg da J. Orley domin masu aiki da ita. Wannan takarda da wannan jagora su ne abin sharhi a nan.

Tsarinta mai sauƙi ne. Tambayoyi ashirin ne, kowace ana amsa ta da i ko a'a, kuma dukkansu sun shafi kwana 30 da suka wuce. Kowace amsar i maki ɗaya ce. Idan makin mutum ya haye wata iyaka da aka tsayar, sai a ce mai yiwuwa ne yana fama da damuwar rai wadda ta kai a duba shi. Takardar ba ta faɗin sunan cuta. Aikinta tankaɗe ne, kamar rariya, a ware waɗanda za a sake dubawa daga sauran jama'a. An tsamo tambayoyin ne daga takardu huɗu da suka riga ta, har da GHQ ta David Goldberg wadda ta fito a Ingila a 1972.

Wajibi ne a fara da ba ta haƙƙinta. A binciken 1980, an duba mutum 1,624 da suka zo neman magani a ƙasashe huɗu, aka sami kashi 13.9 bisa ɗari suna da irin wannan larura, alhali ma'aikatan likita, da suke bin hanyarsu ta kullum, kashi ɗaya cikin uku kawai suka gane. Wato akwai wahala mai yawa da take shiga likita ta fita ba wanda ya lura da ita, kuma takarda mai araha da kowane ma'aikaci zai iya karantawa cikin ƴan mintoci abu ne mai amfani. Bukatar kuwa ba ta ragu ba. Tun daga 2015 rikici ya raba dubban mutane da gidajensu a jihar Difa, kuma daga 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwararo jihar Maraɗi. Irin waɗannan takardu su ne ake ɗauka idan ana son a san nauyin da ke kan rayukan mutane masu yawa cikin ɗan lokaci, kuma da alƙaluman da suka bayar ake raba ma'aikata da magani da kuɗi.

To amma me ya kawo masanin harshe cikin zancen lokotoro? Dalilin shi ne, ma'aunin zafin jiki bai damu da harshen majiyyaci ba, ita kuwa SRQ ba ta da wani ƙarfe ko ruwan magani a cikinta: kalmomi ne zalla. Duk abin da ya sami kalmomin ya sami ma'aunin.

2. Iyakar da ba ta tsaya wuri ɗaya ba

Inganci, a ma'anar da ake nufi a nan, shi ne takarda ta auna abin da aka ce tana aunawa. Yadda ake gwada shi kuwa, ana ba mutane takardar, sa'an nan ƙwararren lokotoro ya yi hira da su ba tare da ya ga makinsu ba, daga baya a kwatanta. Daga nan ake fitar da lissafi biyu: ƙarfin kamu, wato cikin masu larura na gaskiya nawa takardar ta kama, da ƙarfin saki, wato cikin masu lafiya nawa ta bari suka wuce.

Abin da ya kamata mai karatu ya tsaya a kansa shi ne, tun a binciken farko ba a sami iyaka guda ba. A Sudan iyakar da ta fi dacewa tana tsakanin maki 3 da 4, a Kolombiya kuwa tsakanin 10 da 11. Takarda ɗaya ce, shekarun ɗaya ne, tsarin bincike ɗaya ne. Mutumin da ya ce i sau shida za a ware shi a Sudan, a sallame shi a Kolombiya. A San Paulo ta Barazil, J. Mari da P. Williams sun tsayar da iyaka tsakanin 7 da 8 a tsakiyar shekarun 1980, kuma wannan lamba ta yaɗu har masu bincike da dama suna ɗaukarta kamar doka, suna aiki da ita a inda ba a taɓa gwada ta ba. Littafin jagora na 1994 bai ce a yi haka ba. Ya faɗa a fili cewa kowane wuri sai ya nemi tasa iyaka. Sai dai gwajin yana cin kuɗi da lokaci, lamba kuwa kyauta ce, shi ya sa ake ɗaukar lambar a bar gargaɗin.

Ga misali na lissafi kawai, domin a ga illar. A ƙaddara gari mai mutum 1,000, 100 daga cikinsu na da larurar. A ƙaddara kuma takardar na da ƙarfin kamu 80 bisa ɗari da ƙarfin saki 80 bisa ɗari, wanda ba ya nesa da abin da aka samu a 1980. Za ta kama 80 cikin masu larura, ta kuma kama 180 cikin 900 masu lafiya. Jimla 260. Wanda ya karanta rahoto ba tare da lura ba zai ce kashi 26 bisa ɗari na garin ba su da lafiya, alhali kashi 10 ne. Kuma cikin waɗanda aka ware, fiye da biyu cikin uku lafiyarsu lau. Wannan kuwa idan takardar tana aiki yadda ya kamata ke nan. Idan fassara ta rage ƙarfin saki ko da kaɗan ne, kuskuren sai ya ninku, domin a kan masu lafiya yake faɗawa, su ne kuwa mafi yawa.

Mari da Williams sun lura da wani abu kuma: kuskuren bai rabu daidai ba. Masu ƙarancin karatu sun fi shiga kamun kuskure, maza kuma sun fi sulluɓewa. Ga masu tsara yaƙi da jahilci wannan magana ce babba, domin idan rahoto ya ce marasa karatu sun fi damuwa, ba a san nawa ne daga rayuwarsu ba, nawa ne kuma daga yadda suka ji tambayar.

3. Abin da Habasha ta nuna

Wanda ya bi wannan zare har ƙarshensa shi ne Frank Kortmann, lokotoro ɗan ƙasar Holan da ya yi aiki a Adis Ababa. Cikin rubuce-rubucensa na 1987 zuwa 1990, ɗaya daga ciki tare da S. ten Horn, ya yi abu mai sauƙi wanda ba a saba yi ba: duk wanda ya ce i, sai a nemi ya bayyana abin da yake nufi. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na amsoshin i suka zama ba su dace da manufar tambayar ba. Tambayar rashin farin ciki mutane da yawa sun danganta ta da makoki. Tambayar yawan kuka ta jawo zancen jana'izar da aka halarta. Ya kuma nuna cewa abin da mutum yake nema a wurin likita yana taɓa amsarsa: mai son magani ko takardar hutu yana da dalilin ƙara i.

Darajar wannan aiki ita ce ya nuna cewa maki na iya fita daidai bisa hanyar kuskure. Fassarar Amharik ɗin ba ta rasa nahawu ba. Abin da ya faru tsakanin baki da kunne ya faru.

4. Tambayoyin idan sun shiga Hausa

Hanyar da aka fi amincewa da ita wajen fassara irin waɗannan takardu ita ce fassarar komawa, wadda R. Brislin ya tsara a 1970: wani ya juya takardar zuwa harshen gida, wani dabam wanda bai ga asali ba ya maido ta, a kwatanta. Hanyar tana kama mantuwa da kuskuren kalma. Amma masu yin ta duka biyu ƴan lakkol ne, masu harshe biyu, waɗanda suka san abin da Bature yake nufi tun kafin su gama karanta jimlar. Abin da take tabbatarwa shi ne masu fassara biyu sun fahimci juna. Tsohuwar da za a yi wa tambayar a Gidan Runji ba ta cikin zaman.

A ɗauki tambaya ta tara, wadda ta shafi rashin farin ciki. Abin da ya fi saurin zuwa bakin mai fassara shi ne: "Ba ka jin daɗi?" Idan aka maido ta Faransanci za ta fito lafiya. Amma Bahaushen da ya ce "ba na jin daɗi" galibi jikinsa yake nufi: masassara ce, ko ciwon gaɓɓai. A layin likita kowa ba ya jin daɗi, abin da ya kawo shi ke nan. In an guje wa wannan aka ce "baƙin ciki", an faɗa wani ramin, domin baƙin ciki abu ne mai dalili, rasuwa ko asara ko wulaƙanci, har yana iya nufin hassada, kamar a "ɗan baƙin ciki". Ɓacin rai ya fi kusa da fushi, kuma wani ne yake ɓata shi. Takaici yana da ɗanɗanon rashin iko. Ƙuncin rai ya fi su kusa da abin da ake nema, sai dai sau da yawa talauci ake ji a cikinsa. Ga kuma juyayi, da alhini, da zullumi, da kewa. Hausa ba ta rasa kalmomi a wannan fage ba, yawansu ne ma yake wahalarwa, domin kowace aka zaɓa ta zo da nata labari, kuma tambaya ta sha ɗaya, ta rashin jin daɗin harkokin yau da kullum, tana jiran ta faɗa cikin kalma guda da ta tara.

Wannan haɗuwa ba sau ɗaya take ba. Tambaya ta bakwai kan narkewar abinci ce, ta sha tara kan rashin daɗi a ciki. A Hausa duka biyu ciwon ciki ne ga mafi yawan masu amsa. Ta sha takwas kan gajiya ta kullum ce, ta ashirin kan saurin gajiya. Wato ciwo ɗaya yana iya cin maki biyu. Ita kalmar "ciki" kanta nauyi uku take ɗauke da shi: tumbi, da juna biyu, da mazaunin farin ciki da baƙinsa. Saurayi mai bincike da ya tambayi amarya ko tana jin wani abu a cikinta, gaban uwar mijinta, shiru zai samu, ko kuwa a'a mai sauri wadda ba ta da alaƙa da tumbi.

Gajiya kuwa tana da wata matsala ta kanta. Tambayar gajiya gaisuwa ce, kuma amsarta a shirye take tun kafin a yi ta: "Ina gajiya?" "Ba gajiya." Haka ma kwana: "Lafiya lau." Majiyyacin da ke kwance ba ya iya tashi, in aka ce "Yaya jiki?", "Da sauƙi" zai ce, domin faɗin akasin haka kamar rashin godiya ne ga Allah. Murray Last, da ya yi bincike a yankin Malumfashi cikin shekarun 1970, da Lewis Wall a littafinsa na 1988 kan maganin Hausa, duka sun nuna yadda lafiya da rashinta suke da faɗi fiye da jiki a tunanin Bahaushe, da yadda bayyana ciwo yake da nasa ladabi. Haƙuri da kunya da dauriya ba ƙawa ba ne a kan magana, su ne suke tsara abin da za a faɗa da wanda za a faɗa wa. Sakamakon haka mai bincike ba kullum yake samun i ko a'a ba. Abin da yake samu shi ne "da dama", "sai godiya", "to, ka san rayuwa", "alhamdu lillahi". Shi ne zai mai da wannan amsa maki ɗaya ko sifiri, kuma babu wani layi a takardar da ya gaya masa yadda zai yi. Masu bincike goma, ƙa'ida goma.

A nan ne sunan takardar yake yaudara. Ma'anar SRQ ita ce takardar da mutum ke cikawa da kansa. A Nijar, inda manyan da ke karatun boko ba su kai rabi ba, mata kuma sun fi ƙaranci, ba haka take aiki ba. Littafin jagora ya amince a karanta wa wanda bai iya karatu ba, amma ya ɗauki wannan a matsayin ƙaramin gyara na hanya. Alhali sauyin babba ne: takarda ta zama hira, da murya, da fuska, da tazarar shekaru da ta jinsi, da kishiya a bakin ƙofa. Sau da yawa ma takardar da ke hannun mai bincike da Faransanci take, shi ne yake fassarawa nan take, kowane gida da irin tasa.

Nahawu ma yana da nasa rabo. Tambayoyi da yawa, idan sun shigo Hausa, korewa suke ɗauka: "Ba ka barci sosai?", "Ba ki iya cin abinci?" A ƙa'idar Hausa, wanda ya amsa irin wannan da "i" ko "awo" ya yarda da korewar ne: haka ne, ba ya barci. Wanda ya ce "a'a" yana iya nufin ya musa ta, wato yana barci, amma kuma ana jin "a'a, ba na barci", musamman a bakin waɗanda suka saba da tsarin Faransanci. Mai rubutawa da ya ji "a'a" kaɗai bai san wanne aka nufa ba, kuma kansa yana aiki da tsarin harshen da ya yi karatu da shi. Amsa ɗaya na iya juyewa gaba ɗaya tsakanin baki da alƙalami. Sa'an nan akwai zaɓi tsakanin "kana ciwon kai" da "kakan yi ciwon kai": na farko yana jawo hankali ga yanzu, na biyu ya buɗe ƙofa ga dukkan rayuwa, kwana 30 ɗin da aka gina takardar a kansu sun ɓace a duka biyun sai in an maimaita su a kowace tambaya. Haka kuma ladabi yana sa a ce wa dattijo "ku", shi kuwa yana iya amsawa da yawun gidansa duka.

Wasu tambayoyin zagi suke zama. Wadda ta shafi ganin kai ba shi da daraja, in aka ce "mutumin banza", an taɓa mutunci da tarbiyya, ba wanda zai ce i. Wadda ta shafi saurin tsorata, in aka yi ta da "tsoro", an kira namiji matsoraci. "Firgita" ko "faɗuwar gaba" sun fi kusa, domin abubuwa ne da suke samun mutum ba da laifinsa ba. Wadda ta shafi wahalar tunani sarai tana tsakanin ramuka biyu: in aka sa "hankali" an yi kusa da taɓin hankali, wato hauka, in aka sa "tunani" an koma wani abu dabam, domin a Hausa "yana tunani" sau da yawa yana nufin yana cikin damuwa. Tambayar yanke shawara kuwa ta ɗauka cewa kowa yana da shawarar da zai yanke, alhali ƙaramar mata a babban gida, ko ɗan da ke noma gandun mahaifinsa, za su iya cewa i ko a'a ba tare da amsar ta faɗi komi game da ransu ba.

5. Jiki da lokaci

Takwas daga cikin tambayoyi ashirin na jiki ne: ciwon kai, rashin cin abinci, rashin barci, rawar hannu, narkewar abinci, rashin daɗin ciki, da gajiya iri biyu. Masu tsara takardar suna da hujja, domin a ko'ina cikin duniya mai damuwa ciwon jiki yake kai wa likita. Amma in an ɗauki iyakar 7 da 8, mutum na iya haye ta ba tare da ya ce i ga ko da tambaya ɗaya ta rai ba. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro yake tsananta daga Agusta zuwa Oktoba, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma aikin gona ya yi yawa, wannan ba zato ba ne na nesa. "Ba ka cin abinci sosai?" a watan Agusta tambayar rumbu ce kafin ta zama ta marmari. A watan azumi barci da ci da gajiya da ciwon kai duk sun sauya ga gari duka. Binciken da aka yi a Tawa da rani, da wanda aka yi a Damagaram da damina, ba za a jera alƙalumansu a layi ɗaya ba sai an faɗi watan.

Tambayar kuka, wadda take kwatanta yanzu da yadda aka saba, tana da aibin da aka daɗe da ganowa a GHQ. Wanda ya shekara biyar cikin ƙunci zai ce bai fi yadda ya saba ba, ya sami sifiri. Goodchild da Duncan-Jones sun ba da shawarar wata hanyar ƙidaya a 1985 saboda wannan. Ga wanda ya daɗe a sansanin gudun hijira, abin da aka saba shi ne larurar.

6. Da me ake gwada ma'aunin?

Saura matsala mafi zurfi, wadda jagorar ba ta zauna a kanta ba. An ce ana gwada takardar da hukuncin ƙwararren lokotoro. To shi lokotoron da wane harshe ya yi hirar, kuma da waɗanne rukunan cuta? Idan ya yi karatunsa da Faransanci, yana aiki da jerin alamu da aka tsara a Turai, wani lokaci ma ta bakin tafinta, to an gwada fassara da fassara ke nan. Dacewarsu tana nuna sun fito gida ɗaya. Arthur Kleinman ya yi gargaɗi kan wannan tun 1977: a ɗauki rukunin cuta na wata al'umma a neme shi a wata, a same shi domin shi kaɗai aka nema, a rasa abin da bai shiga rukunin ba.

Abin da bai shiga ba kuwa yana da yawa. Peter Ebigbo ya tattara koke-koken majiyyata a Inugu a 1982, irin su zafi a cikin kai da jin abu na yawo a jiki. Ana jin irinsu a bakin Hausawa, babu ko ɗaya cikin tambayoyi ashirin. Babu yawan tunani a matsayinsa na ciwo, babu tagumi, babu mutuwar jiki, babu mutum ya daina zuwa suna da biki, wanda shi ne abin da maƙwabta suke fara lura da shi. Akwai kuma waɗanda suke fassara halinsu da iska ko sammu, su nufi malam ko ƴan bori, kamar yadda Jacqueline Monfouga-Nicolas ta bayyana game da yankin Maraɗi a 1972, Nicole Echard kuma game da Adar.

An gwada wata hanya a wasu wurare, ta kuma yi aiki. A Harare, Vikram Patel da abokan aikinsa sun fara da tattara maganganun majiyyata a ƙananan likitoci da wurin masu maganin gargajiya, daga nan suka fitar da takarda mai tambaya 14 da harshen Shona a 1997. A cikinta akwai "kufungisisa", wato yawan tunani, kuma wajen gwaji sun haɗa hukuncin hirar likita da na masu kula da majiyyatan. Da ita aka yi aiki a shirin bencin abota na Dixon Chibanda, wanda aka buga sakamakon gwajinsa a 2016. A Ruwanda, Paul Bolton ya nuna a 2001 cewa ko babu lokotoron hankali ana iya gwaji, ta hanyar neman mutanen gari su nuna waɗanda suke fama da ciwon da su da kansu suke da sunansa. Hanyar tana da tsada: takardar da aka gina a Harare ba ta kwatantuwa kai tsaye da ta wata ƙasa, kwatanci kuwa shi ne abin da OMS take nema tun farko. Amma iyakar Sudan da ta Kolombiya sun riga sun nuna cewa kwatancin da SRQ take bayarwa bai kai yadda ake zato ba.

Ga Hausa, aikin farko na masana harshe ne: a tattara yadda ake faɗin ƙuncin rai da baki, daga mata da maza, a Gobir da Katsinar Maraɗi da Adar da Arewa da Damagaram, domin kalmar da take daidai a wani yanki tana iya zama baƙuwa ko mai nauyi a wani. Daidaitaccen rubutu, wanda aka soma a taron Bamako na 1966 aka kuma tabbatar da dokar 1999, ya warware yadda za a rubuta tambayar, bai warware yadda za a ji ta ba. Tun da kundin 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ana iya sa ran takardun hukuma da za a juya zuwa Hausa su ƙaru, na lafiya a cikinsu. Kafin a amince da kowace, gwajin Kortmann ba shi da tsada: mutum talatin ko arba'in, a bi kowace amsa da "me kike nufi?", a rubuta abin da aka ce kalma da kalma, a kuma kawar da duk tambaya mai korewa.

Tambaya ta sha bakwai ita ce ta fi bukatar wannan kulawa, domin ita ce ta shafi tunanin mutum ya kashe kansa. Kuskuren fassara a nan kusa yake: "kisan kai" a Hausa kashe wani ne, kuma wanda aka tambaya ko ya yi tunanin kisan kai zai ji ana tuhumarsa da laifi. In an gyara aka ce "ka kashe kanka", an tambayi Musulmi ko ya yi niyyar abin da addininsa ya haramta, a gaban baƙo, wani lokaci a gaban iyalinsa. Abin da ake ji a zahiri zagaye ne: "na gaji da duniya", "gara mutuwa da wannan", "da Allah zai ɗauke ni in huta". Waɗannan ba su zama niyya ba, ba su kuma zama a'a ba. A lissafin takardar, i a wannan tambaya maki ɗaya ce, daidai da ciwon kai, kuma mace na iya faɗin ɗaya daga cikin waɗannan jimloli, makinta ya tsaya a 5, a sa ta cikin masu lafiya. Saboda haka duk fassarar Hausa tana bukatar umarni a rubuce kusa da wannan tambaya: waɗanne maganganu ne za a ɗauka da nauyi, wa za a sanar a ranar, kuma wace likita ce mafi kusa da za ta karɓi mutumin.